Takardar Juma'a, Hatimin Litinin

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekara talatin da huɗu a ɗakin rajista na ofishin filaye, kuma ko biron gwamnati bai taɓa zuwa da shi gida ba. Duk wanda ya san shi zai faɗa maka haka. Ni ma ina faɗa, amma sai na haɗiye wani abu mai ɗaci tukuna, domin mutumin kirkin nan shi ya sa mahaifina ya yi shekara goma sha uku yana yi wa mahaifiyata kallon maƙaryaciya.

Kawu Ƙa'ida muke ce masa, a ofis ma haka ake kiransa, har ya daina jin haushi. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa kamar wanda kullum yake neman wani abu a durowar ƙasa. Ya fara ne da rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, da ɗan teburinsa da kwalbar tawada. Da aka yi jarrabawar ɗaukar ƙananan akawu ya zo na biyu, ba tare da ya san kowa ba, kuma wannan labarin mun ji shi har ya fita ta hancinmu. Bayan shekara shida aka tura shi kwas na wata tara a kan gudanar da ayyukan gwamnati. Ya tafi mutum, ya dawo da littafi mai baƙin bango, cike da rubutunsa, a hammata. Matarsa takan ce tun daga ranar ta samu abokin zama na uku a ɗaki, wai ko ruwa za ta ba shi sai ta ji kamar ya kamata ta nemi izini a rubuce.

Abin da ke cikin littafin nan mu ma mun haddace shi, don ba ya gajiya da karanta mana. Yakan ce da can duk wanda ya hau kujera, to kujerar da abin da ke ƙarƙashinta nasa ne, ya ɗauki ɗan ƙanwarsa aiki, ya ba surukinsa fili, ba mai cewa don me. Sai masana suka zauna suka ce wannan aikin ma ilimi ne da za a koya, kamar likitanci. Masu siyasa su faɗi abin da za a yi, ma'aikaci ya san yadda za a yi shi, kada ɗaya ya shiga gonar ɗaya. Kowa yana da na sama da shi, magana ta hau matakala ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba a rubuta ba bai faru ba. A ɗauki mutum don ya iya, ba don ɗan wane ne ba. Wanda ya fi so kuwa, wanda ya ja wa layi biyu da jan biro, shi ne cewa ofis ba shi da ɗan'uwa, ma'aikaci ba ya sa hannu a al'amarin nasa.

Na sha zuwa ɗakin rajistar nan daga baya. Kanta ce mai taga da sandunan ƙarfe, jama'a a waje, shi a ciki. Bayansa kantoci har rufi, fayil a kan fayil, kowane a ɗaure da zare. Tire biyu a gefen damansa, ɗaya na shiga, ɗaya na kai wa shugaban sashe. Sai hatimin kwanan wata, mai 'yan ƙafafun roba da ake juyawa. Kullum da safe, kafin ya gaisa da kowa, sai ya juya hatimin zuwa ranar, ya gwada a tsohuwar takarda, ya duba da kyau. Duk takardar da ta shigo ofishin, da wannan hatimin ake sanin ranar zuwanta.

Ina da shekara takwas aka ce hanya za ta bi ta unguwarmu. Gidanmu na cikin waɗanda za a rushe, gidan da Baba ya gina da hannunsa, ɗaki uku da rijiya. Aka ce duk wanda abin ya shafa ya cika fom ya kai ofishin filaye, a ba shi wani fili a madadin nasa, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. Baba direban babbar mota ne, tafiya ta kama shi. Ya cika fom ɗin, ya danƙa wa Inna, ya ce mata har sau uku kada ta bari ranar ta wuce. Hoton da za a liƙa bai fito ba sai Juma'a da safe. Inna ta rufe keken ɗinkinta, ta tafi, ta bi layi, ta miƙa wa yayanta takardar ta tagar nan tun kafin azahar.

Abin da ya faru a bayan tagar ban san shi ba sai da na girma. Kawu ya ga sunan mijin ƙanwarsa, ya ɗaga hatimi, sai ya mayar ya ajiye. Ofis ba shi da ɗan'uwa. Ya saka takardar a tiren shugaban sashe don shi ya buga mata, ya ce da Inna, “Je ki, Auta, ta shiga.” Shugaban sashe kuwa ya tafi taro, bai dawo ba sai Litinin. Ya tarar da takarda a tire, ya ɗauki hatimi ya buga mata ranar da ya gan ta.

Da sunaye suka fito babu namu. Baba ya je ya tambaya, aka nuna masa fom ɗinsa da Litinin a goshi. Ya dawo gida yana huci. Inna ta rantse ta maya cewa Juma'a ta kai, a hannun Yaya ta sa. Baba ya saka takalmi ya tafi gidan Kawu, ya ce masa, “Kai ka karɓa. Wace rana ta zo?”

Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, “Abin da ke kan takarda shi ne ofis ya sani.”

Wallahi har yau in na tuna wannan amsar sai raina ya ɓaci. Shi a ganinsa, in ya ce Juma'a ya ba da shaida don ƙanwarsa, ya kuma fitar da maganar ofis waje. Baba kuwa abin da ya ji daban ne. Ya dawo ya ce da Inna, “Yayanki mutumin kirki ne, ya rufa miki asiri. Ya kasa yin ƙarya, ya kuma kasa kunyata ki.” Daga ranar Inna ba ta ƙara rantsuwa a kan maganar ba. Ta ɗinke bakinta, kuma Inna in ta yi ɗinki ba ya warwarewa.

Aka rushe gidan. Muka shiga gidan haya, daga nan wani, daga nan wani, sau shida na ƙirga muna ɗaure kaya. Akwai wanda rufinsa ke yoyo daidai kan keken ɗinki, akwai wanda mu bakwai muke bin layin banɗaki ɗaya da mutanen ɗaki tara. Baba ba mai duka ba ne, ba ma mai zagi ba. Suna kawai ya raɗa mata. In abinci ya ɗan jinkirta sai ya ce, “Ba komai, ai 'Yar Litinin ce.” In ta makara wajen kai wa mai kaya ɗinkinsa, 'Yar Litinin. 'Yan'uwan Baba suka ɗauka, maƙwabta suka ɗauka. Mu 'ya'yanta ma mun faɗa, muna dariya, ni na fi kowa, don Allah ya yi ni da baki. Na yarda da hatimi na ƙi yarda da uwata. Wannan laifin nawa ne, ba na Kawu ba, kuma ban gama jin kunyarsa ba.

Kada in zalunce shi, bai zauna haka kawai ba. Daga baya na ga kwafin takardu uku da ya rubuta wa na sama, yana roƙon a sake duba fom mai lamba kaza. Amma ko a ɗaya bai rubuta ranar da fom ɗin ya iso ba, kuma ko a ɗaya bai ce shi ya ajiye shi ba. To a duba me? Shugabanni suka yi ta sauyawa, kowa da ilimin da ya karanto. Wani ya zo ya ce ma'aikaci ba inji ba ne, mutum ne mai zuciya, ya kafa akwatin shawara a bakin ƙofa, ana taron jin koke duk wata. Kawu yakan je ya zauna a gaba, bai taɓa buɗe baki ba. Wata ta zo ta ce daga yau jama'a abokan ciniki ne, a yi musu murmushi, aka rataya allo ana rubuta fayil nawa kowane sashe ya kammala a wata. A wannan zamanin ne aka kwaso tsofaffin fayil aka yi ta rufewa don allo ya yi kyau. Namu aka rubuta masa “an makara” aka jefa ɗakin ajiya. Kawu da kansa ya ɗaure shi da zare.

Yana zuwa gidanmu duk ƙarshen wata, ya gaisa, ya zauna a bakin ƙofa kamar baƙo. Inna takan ce, “Sannu da zuwa, Yaya,” ta kawo masa ruwa, ta koma kan kekenta. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba. Ban kuma taɓa ganin ta yi dariya yana wurin ba, amma a lokacin ban lura ba.

Abin dariya, da na shiga jami'a ilimin nan na Kawu aka ba ni. Ya yi murna har da ƙwalla, ya ce magajiya ta samu. A shekarata ta uku wata malama ta yi mana lacca a kan bambancin aikin da ma'aikaci ke da zaɓi a cikinsa da wanda ba shi da zaɓi. Ta ce inda za ka yanke hukunci, ka ba wannan ka hana wancan, nan ne za ka janye in naka ya shigo. Amma karɓar takarda ba hukunci ba ne. Ko ta uwarka ce ko ta maƙiyinka, ka karɓa ka buga ranar, ba alfarma ka yi wa kowa ba, haƙƙinsa ne. Na rubuta na wuce, ban kawo komai a raina ba.

Mako guda bayan haka na je gidan Kawu aron littafinsa mai baƙin bango, za mu yi aikin gida a kan tarihin fannin. Ya ɗauko shi daga ƙarƙashin matashi, ya hau yi mini bayani yana jin daɗi. Da ya zo kan layin nan mai jan biro sai ya ce, “Kin ga wannan? Ni ban taɓa saɓa masa ba. Ko takardar gidanku da uwarki ta kawo, ban sa mata hatimina ba, na bar wa shugaba.”

Na ce, “Kawu, wace rana ta kawo?”

Matarsa da ke shara a tsakar gida ta tsayar da tsintsiya.

Na ce, “Kawu, nan ba ofis ba ne. Ɗakinka ne, ni kuma 'yar ƙanwarka ce. Wace rana?”

Ya ce, “Juma'a.”

Allah ya yafe mini, ranar na manta da girmansa. Na faɗa masa abin da malamarmu ta ce, na ƙara da nawa. Na ce shekara goma sha uku ana kiran ƙanwarsa 'Yar Litinin a gabansa yana shan ruwanta. Ya ce a'a, ba haka aka koya musu ba, ya hau buɗe littafi don ya nuna mini. Ya juya shafi ɗaya kacal. Ga shi nan da rubutunsa mai kyau, na tun lokacin kwas: duk takardar da ta shigo, a buga mata hatimi a ranar da ta shigo, ko ta wace ce. Wannan bai ja masa layi ba. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya cire tabarau ya ajiye a cinya. Na tausaya masa, ba zan ɓoye ba, amma tausayin bai kai haushin ba.

A lokacin Baba yana kwance wata huɗu, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, magana da ƙyar. Likita bai ɓoye mana komai ba. Na ruga gida na durƙusa a gefen katifarsa na faɗa masa duka. Ya dube ni da idonsa mai lafiya, ya yi ɗan murmushi da rabin baki, ya ce, “Ke 'yar uwarki ce. Hatimi ba ya ƙarya.” Inna tana ba shi magani a cokali, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Na koma wurin Kawu na ce ya taso mu je yanzu, tafiyar minti goma ce. Na ce ya faɗa wa Baba da bakinsa, shi kaɗai Baba zai yarda da shi. Ya ce, “Uwar magana, ki saurare ni. Mahaifinki takarda ya gani ya yarda. Takarda ce za ta warware. Zan rubuta rahoto a kaina, ofis ya gyara ranar, in kai masa a hannunsa.”

Na ce, “Ka je da bakin tukuna, takardar ta biyo baya.”

Ya ce, “Da wane ido zan shiga ɗakin nan hannu rabbana?”

A nan na gane cewa ba ƙa'ida ce kaɗai ta riƙe shi ba, har da kunya, kuma ya saba ɓuya a bayan ɗaya in ɗayar ta taso.

Rahoton kam ya rubuta shi, ba ragi. Saura wata takwas ya yi ritaya, fayil ɗinsa fes, an ma sa sunansa cikin waɗanda za a ba takardar yabo. Ya rubuta cewa shi, akawun rajista, ya karɓi fom mai lamba kaza ranar Juma'a, ya ƙi buga masa hatimi bisa kuskuren fahimta, ya kuma ɓoye haka shekara goma sha uku. Abokan aikinsa suka ce ya haukace, wa ya aike shi tonon tsohon rami? Ya miƙa wa shugaban sashe. Daga nan takarda ta kama matakala, mataimakin darakta, darakta, lauyan ofis, sai kwamitin da ba ya zama sai an cika mutum biyar. Kawu ya san kowane tebur da wanda ke kansa, rabinsu shi ya koya musu ɗaure fayil. Da zai ɗauke ta da hannunsa, mako biyu ya isa. Amma al'amarin nasa ne, ma'aikaci kuwa ba ya bin sawun abin da ya shafe shi.

Ni na bi. Sau biyar ina zuwa ofishin nan, ana yi mini murmushi irin na abokan ciniki, ana cewa tana kan hanya. Duk na fito sai in tsaya a tagar Kawu in ce, “Jikin Baba ya ƙara tsanani.” Ya ce, “Allah ya ba shi lafiya. Ta kai teburin darakta.” A zuwan ƙarshe na ce masa, “Kawu, Baba ba zai jira kwamiti ba.” Ya riƙe hatiminsa da hannu biyu, ya ce an sa zama mako mai zuwa. A 'yan watannin nan ya daina zuwa gidanmu gaba ɗaya, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Baba ya rasu wata safiyar Laraba, Inna na goge masa fuska. Kwana biyu kafin nan, da ta ɗan jima wajen kawo ruwan zafi, ya kira ta da sunan nan, a hankali, kusan da wasa. Ta ce, “Ga ni.” Kawu ya zo gaisuwa ya zauna can ƙarshen tabarma, bai shigo ciki ba.

Mako bakwai bayan haka takardar ta fito, tare da wata ta gargaɗi da aka saka a fayil ɗin Kawu, aka kuma cire sunansa daga masu yabo. Fili babu, an daɗe da rabawa, wajen ma ya zama gari. Layi huɗu ne kawai: ofis ya tabbatar cewa an kawo fom mai lamba kaza a kan lokaci, kuskuren daga rajista ne.

Da hantsi Kawu ya zo da ita, ina gida. Ya sa rigarsa ta zuwa aiki duk da ya riga ya yi ritaya. Inna na kan keke tana haɗa wata riga. Ya yi sallama, ta ce, “Sannu da zuwa, Yaya.” Na shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba. Ya buɗe ambulan, ya sa tabarau, ya karanta a tsaye. Da ya zo kan ranar sai keken ya tsaya.

Ya ce, “Juma'a, Auta. Sun rubuta Juma'a.”

Inna ta ce, “Ni ai na sani, Yaya. Ni na zo.”

Ya matso ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Ba ta karɓa ba. Ta dubi hular Baba da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, sannan ta nuna masa ɗan teburin da muke ajiye magungunansa, wanda har ranar ba wanda ya iya kwashewa.

Ta ce, “Ajiye ta a can. Mai karɓa ba ya nan.”

Ya ajiye ta tsakanin kwalaben, ya gyara mata zama yadda ya saba gyara takarda a tire. Inna ta sa ƙafa a kan keke, ta ci gaba da ɗinkinta.